Lofen Sidi da Sijar ɗin Baba Ƙarami

Shekaranjiya mai gyaran famfo ya zo gidana. Ina cikin kicin na ji yana bubbuga bututu da ƙotar wani ƙarfe, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Sai na tsaya da ludayi a hannu. Haka kakana na wajen uba yake ƙwanƙwasa lofensa a jikin katangar saman bene in zai zubar da toka. Mu 'ya'yan Makka Sidi muke ce wa kaka namiji, mace kuma Sitti, don haka ka yi mini haƙuri, mai karatu, da sunayen da bakina ya saba da su zan kira su.

A unguwar Misfala na tashi, cikin wani tsohon gida da ke maƙale a gangaren dutse. Lungunmu ba ya cin mota. Sidi tela ne, shagonsa na bakin lungun, kuma bai taɓa kunna lofe a shago ba, saboda kayan mutane da kuma idon limamin unguwa, wanda ba ya gajiya da yi masa nasiha. Sai bayan la'asar, in rana ta karya kuma simintin bene ya fara hucewa, yake hawa sama. Ni nake bin shi da tabarma. Amarya yake ce mini, irin wasan kaka da jika, yana cewa duk matan gidan ni kaɗai ce ba ta yi masa gorin hayaƙi.

Lofen na yumɓu ne, kansa ya yi baƙi ƙirin, bututunsa na gora. Tabar kuwa ba ta kanti ba ce. Daga gida take zuwa, daga wani ƙauye a ƙasar Katsina da ban taɓa gani ba. Busasshen ganye ne da aka kitsa kamar gashi, aka naɗe cikin tsumma, aka ɗaure tamau. Sidi kan yanki ɗan kaɗan da tsohon almakashinsa, ya murza a tafin hannu, ya cusa da babban yatsa. Warinta kauri ne mai ɗaci, yana kama maƙogwaro, yana kama tufafi.

Mai aiko da ita yayar Sidi ce. Shi Yaya Babba yake ce mata. Mahaifina kuwa Goggo yake ce mata, mu ma muka taso muna faɗar haka. Lokacin da mahaifinsu ya ɗauko hanyar gabas a ƙafa da 'ya'yansa maza biyu, ita tana ɗakin miji da goyo, sai aka bar ta. Tsohon ya rasu a Sudan. Sidi, yana saurayi, shi ya ƙarasa da ƙanensa har suka ƙetare teku. Tun ranar ba su sake ganin ta ba. Amma duk shekara, in alhazai suka fara sauka, lungu ya cika da Hausa iri-iri da ƙarar silifas, sai wani baƙo ya yi sallama a ƙofarmu, gumi na zuba, yana tambayar gidan tela. Ya miƙa ƙulli, a ba shi ruwan sanyi, ya zauna ya ba da labarin gida: wane ya rasu, wance ta haihu, damina ta yi kyau ko ba ta yi ba.

Ƙanen Sidi shi ne Baba Ƙarami. Direban wani attajiri ne a Jidda, sai yammacin Alhamis yake zuwa ya kwana, ya yi Juma'a, ya koma. Dogo ne, ɗan gayu, rigarsa kullum kamar yanzu aka sauke ta daga guga. A wurin maigidansa ya koyi shan sijar, wato ƙatuwar tabar nan mai kaurin babban yatsa da ake naɗewa da ganye zalla, ba takarda. Ta farko kyauta aka ba shi. Sauran da kuɗinsa yake saya, ɗaya a mako, cikin wani ɗan bututun ƙarfe da mu yara muke faɗa a kai in ya jefar. Yakan shinshina ta, ya datse bakinta, ya daɗe yana juya ta a kan wuta. Ƙamshinta daban ne, kamar an ƙona itace mai zaƙi.

To a nan gardamar take. Ba Alhamis ɗin da za ta wuce ba su yi ta ba, kuma ban taɓa ji sun gaji ba.

Sidi ya ce lofe sau ɗaya ake saye. In kansa ya fashe, na yumɓu ne, kuɗinsa bai kai na kofin shayi ba. Taba kuwa daga bayan ɗakin Yaya Babba take fitowa, kyauta, balash kamar yadda Larabawa ke cewa. Ƙulli ɗaya yana kai shi shekara. Amma sijar ɗaya, in ji shi, kuɗinta ya yi cefanen gidanmu na kwana biyu, kuma kafin a kira magariba ta zama toka.

Baba Ƙarami kuma ya ce a'a, a yi lissafi da gaskiya. Shi sau ɗaya yake sha a mako, yayansa kullum. A sa kuɗin ashana, don lofe ba ya minti biyar bai mutu ba. A sa shinkafa da naman da ake dafa wa alhajin da ya kawo ƙulli, wanda wani lokaci yakan dawo da abokansa. A sa yadi da turare da dabino da ake ba shi ya kai wa Yaya Babba tukuici.

"Wannan zumunci ne, Auta, ba kuɗin taba ba," in ji Sidi.

"Yaya, duk abin da ya fita daga aljihu kuɗi ne."

Sitti ba ta cika sa baki ba. Sau ɗaya na ji ta, tana kwashe shanya, ta ɗaga rigar Sidi a rana, hujojin tartsatsi sun yi mata zanen taurari a ƙirji. Ta ce tela ne a gidan amma ita ke cin wahalar faci, a sa wannan ma a lissafi. Baba Ƙarami ya yi dariya har ya sarƙe.

Wata shekara da aikin Hajji ya faɗo tsakiyar zafi, alhajin da ya zo da ƙulli ya zo da magana. Ya ce idon Goggo ya fara rauni, gwiwa ma haka. Ba ta roƙi kowa komai ba, ta dai ce masa ya kalli Ɗakin Allah da kyau ya kalli ƙannenta da kyau, in ya koma ya ba ta labari, don ita da alama sai a lahira. Bayan baƙon ya tafi, Sidi ya hau sama bai ɗauki lofe ba.

Alhamis ɗin da ta biyo baya Baba Ƙarami ya zo hannu wofi. Ya ciro kuɗin sijar ya miƙa wa Sitti ya ce ta adana, haka zai riƙa yi har kujerar Yaya Babba ta cika. Ka ga, shi ɗan ƙanƙane ne lokacin da suka baro gida, a kafaɗa aka ɗauko shi. Ko kamannin fuskarta bai sani ba. Sidi ya ce shi ma zai bar lofe. Ƙanensa ya ce ya bari mana, amma me zai shiga asusu, tunda shi da bakinsa ya ce kyauta ce? Sidi bai bar lofe ba. Sai ya koma karɓar ɗinkin da a da yake ƙi, har da facin kayan leburori, yana wuni a kan keke cikin azumi. Mahaifina ma ya riƙa sa nasa. Makonnin farko Baba Ƙarami ya sha wahala. Yakan zauna nesa da hayaƙin yayansa yana tauna asuwaki kamar ya yi masa laifi, abu kaɗan ya hau mu da faɗa. A hankali ya saba.

An ɗauki 'yan shekaru kafin kuɗin ya cika. Aka aika ta hannun wani dattijo amintacce, shekarar da ta zagayo Goggo ta zo.

Na zaci zan ga babbar mace. Sai ga 'yar tsohuwa ƙarama, baƙa, mai zane a kumatu, tana dogara sanda, tana hawa gangarenmu tana hutawa. Sidi ya sauko daga shago ba takalmi. Suka tsaya suna kallon juna, ba wanda ya yi kuka a lokacin. Ta ce ya tsufa. Ya ce ai ita ta riga shi. Da aka nuna mata Baba Ƙarami, ta kama kansa da hannu biyu ta sunkuyar da shi, ta laluba bayan kunnensa har ta sami wani tabo, ta ce eh, shi ne, a kan turmi ya faɗi. Wannan ƙaton mutum ɗan gayu ya durƙusa a cikin lungu ya fashe da kuka, maƙwabta na leƙe.

Su biyu suka yi mata rakiya a aikin Hajji. Mahaifina ya ce a Muzdalifa, da motoci suka cushe, goya ta suka riƙa yi bi da bi. Ita kuwa da suka dawo ba abin da take ba mu labari sai sanyin tayil ɗin Harami a tafin ƙafa, tana mamakin yadda rana ke dukansa ba ya zafi.

Ana saura 'yan kwanaki jirginsu ya tashi, wata la'asar muka hau sama gaba ɗaya, har da Sitti. Goggo ta zo da ƙullinta kamar kullum, Sidi yana yankan sabuwar taba. Baba Ƙarami, cikin raha, ya kwashe tsohuwar gardamarsu ya faɗa mata, ya ce ita ce babba, ta raba su. Sidi ya ce ai ba sai an wahalar da ita ba, abin da ya tsiro a bayan ɗaki ba shi da farashi.

Goggo ta ce wane bayan ɗaki? Wurin nan tuni ɗanta ya gina ɗaki a kai da zai yi aure, yanzu har 'ya'yan auren sun girma. Ko da ma filin na nan, gwiwarta ba ta noma. A kasuwar wani gari take saya, tafiyar mota. Duk shekara in lokaci ya gabato takan sayar da akuya ɗaya, ta biya mota, ta zaɓi ganye mai kyau, ta ba alhaji ɗan abin goro don ya yarda ya ɗauka. Shekarar da aka yi fari awaki suka mutu, tasoshinta na aure ta sayar. Tana faɗar haka tana ɓare dabino, kamar mai ba da labarin wani.

Sidi ya ajiye almakashi. "Yaya Babba, me ya hana ki faɗa mini?"

"In na faɗa ka ce in daina," in ji ta. "Alhaji in ka ce masa ya kai gaisuwa, sai ya ce to, ya zo ya ga taro ya manta. Amma in ka ɗora masa amanar ƙulli, ba ya iya komawa da ita. Dole ya nemo ƙofarku, ya gan ku da idonsa, ya dawo ya gaya mini kuna raye. Goro ruɓewa yake, daddawa ba sa son warinta a jaka. Taba ce ba ta lalacewa."

Ana jin hayaniyar alhazai a ƙasa suna cinikin darduma. Na dubi Baba Ƙarami, don na san shekara da shekaru yana jiran ranar da zai ci gardamar nan. Kansa na ƙasa, yana wasa da zaren tabarma. Bai taɓa tayar da maganar ba, a ranar ko bayanta.

Sidi ya roƙe ta ta daina aikowa, ya ce zai riƙa neman alhazan garinsu da kansa a masaukinsu. Ta ce ta ji. Shekarar da ta biyo ƙulli ya zo. Wadda ta biyo ma ya zo. Sidi ya riƙa aika kuɗin akuya a cikin yadin tukuici, aka ce tana karɓa ta raba wa jikoki. Ya rage sha sosai, sai ranar Alhamis, in ƙanensa ya zo. Sannan wata shekara alhaji ya yi sallama ba komai a hannunsa, ya nemi a kira masa mazan gidan, ya yi musu ta'aziyyar Goggo. Da sauran tabar ta ƙare Sidi bai nemi ta kanti ba. Tarin da ya bar masa dai bai rabu da shi ba har ya koma ga Allah. Baba Ƙarami ya bi shi ba da daɗewa ba, kuma bai sake kunna sijar ba.

Yanzu lungunmu babu shi. An rushe gangaren, otal ne a wurin, ko inda ƙofarmu take ba zan iya nuna maka ba. Danginmu wasu na unguwar Mansur, wasu sun yi nisa bayan gari. Ban san wani a cikinsu mai shan lofe ba, ni kuwa ba na kewar tarin da na ji a gidan nan.

Bara wani jikan Goggo ya zo Hajji. Ya samo lambata a wurin dangi, ya turo mini saƙon murya, Hausarsa irin ta Sidi sak. Muka yi alkawarin haɗuwa. Ranar farko hanya a rufe, ta biyu ina wurin aiki, ta uku shi ya gaji. Kullum muna gaisawa ta waya, ba mu biyan ko sisi. Ana nan sai ga hotonsa daga filin jirgin Jidda, yana murmushi, ya rubuta Allah ya sada mu da alheri. Na rubuta amin.

'Yata ta leƙo wayar ta tambaye ni da Larabci wane ne wannan. Na ce ɗan'uwanmu ne. Ta ce ta ina? Na buɗe baki zan warware mata, sai na tarar ban san ko ɗan wanne ne cikin 'ya'yan Goggo ba, kuma duk wanda zan tambaya a gidanmu ya riga ya tafi.