Ranar da Aka Mai da Dalamari Zango

Shekara tara ke nan da muka binne Kawu Ari, ƙanin mahaifiyata, kuma har yau in na tuna shi, fushi ke riga hawaye zuwa.

Kawu ne ya riƙe tarihin Dalamari, garinmu na bakin Komadugu, gabas da Diffa. Bai yi lakwal ba, wato makarantar boko, amma zai jero maka bulamomin da suka mulki garin ɗaya bayan ɗaya, ya nuna maka inda kogi ya cinye tsohuwar unguwa da tudun da kakanni suka koma. Mafaɗaci ne, ban musa ba. Ka kuskure sunan kakan wani a gabansa, sai ka yi da-na-sanin buɗe baki.

Wata shekara masu ƙidaya suka zo mana ana tsakiyar tsinkar tattasai. Ko yaron goye a kwarin nan ya san cewa a lokacin gari kan kwashe ya koma bukkoki a bakin ruwa. Suka tarar da tsofaffi da awaki. Suka tambayi wata tsohuwa jikokinta nawa. Mu kuwa ba ma faɗin yawan ƴaƴa, saboda tsoron baki, sai ta ce musu, "Alhamdulillahi." Daga inda suka tsaya ana jin ƙarar injin ban-ruwa, amma ba wanda ya taka zuwa gona. Suka rubuta mu zango, wato wurin da masu wucewa ke yada kaya, suka hau motarsu.

Zango ba a gina masa lakwal, ba a haƙa masa rijiya. Duk aka kai wani gari.

Kawu ya yi ta sintiri zuwa biro, wato ofishin gwamnati, a Diffa har takalminsa ya cinye. Ran nan ina tsaye wani ma'aikaci ya ce masa, "Baba, takarda ta ce zango ne."

"Ɗana, zango yana da maƙabarta? Taso in nuna maka inda kakan kakana ke kwance."

"Sai ƙidaya ta gaba, Baba."

Wallahi har yau ina jin zafin maganar nan. Amma na fi jin haushin kaina. Ni ne mai ilimin gidan, ina aiki a Diffa, kuma sau uku ya ce in rubuta masa wasiƙar ƙorafi. Kunyar ihunsa a gaban abokan aikina ta sa na dinga ce masa gobe, har ciwo ya kwantar da shi.

Da zai tashi yau, me zai ce? Tattasai ya yi daraja, samari sun sayi babura, amma duk mai son ɗansa ya yi karatu sai ya kwashe iyalinsa zuwa Diffa ko Geskeru. Da masu ƙidaya suka dawo bayan rasuwarsa, a kan lokaci suka zo, ba su yi kuskure ba. Ƙofofi ne suka tarar a rufe.

Abin da ya rage na Kawu shi ne rabin sunayen bulamomin da suka maƙale a kaina, da gaskiyar da ya mutu yana faɗa: gari ne, ba zango ba. Su sun rubuta ƙarya sau ɗaya suka wuce. Mu ne muka zauna muna mai da ita gaskiya, gida bayan gida, kuma gidan da aka fara sa wa kwaɗo nawa ne.