Bi-lian da Rigar Jaririya

Ban taɓa ganin Goggo Bi-lian ta sha madarar waken soya a zaune ba. Kullum da safe takan tsaya gaban shagona, hular kwano a ka, babur yana kunne a bakin titi, ta kurɓa sau uku, ta ce na cika sukari, ta wuce. Labarinta ma haka na same shi, gutsure-gutsure, a tsaye.

Ta haura shekara talatin tana kiran kurwa a unguwarmu, nan Lukang. In jariri ya firgita ya ƙi barci, wurinta ake kai shi. Ta cika kofi da ɗanyar shinkafa, ta nannaɗe shi da rigar yaron, ta kunna turare, ta zagaya kansa tana kiran sunansa ya dawo gida. Sai ta kwance ta duba ƙwayoyin da suka miƙe, ta faɗi abin da ya tsorata shi. Daga nan a sa wa yaron rigar, don a cikinta kurwar take sauka. Dukanmu an yi mana.

Sai aka haifi jikanta, A-Kai. Ya yi wata huɗu wuyansa bai tsaya ba. Duk bayan kwana biyu ko uku, da la'asar, idanunsa su kafe sama, jiki ya sandare, gumi ya jiƙa shi. Surukarta ta ce a je babban asibiti. Bi-lian ta ce, "'Ya'yan gari duk sun warke a hannuna, sai nawa ne zai gagara?" Ta yi ta cika kofi. Sai yana shekara biyu da rabi aka kai shi Taipei, babban birni. Likita ya ce ciwon gado ne da suke kira AADC, ƙwaƙwalwa ce ba ta iya haɗa abin da take aika wa jiki saƙo da shi, kuma sai uwa da uba duk suna ɗauke da shi, ko da lafiyarsu ƙalau. Ya ce da an zo da wuri da an fi samun abin yi. A-Kai ya rasu yana shekara biyar. Iyayensa suka koma Taichung.

Tun daga nan ta kasa zama. Ta riƙa bin masu irin aikinta gari-gari tana nuna musu bidiyon idanun A-Kai a waya. "In kin ga wannan, ajiye kofin." Wasu su saurara, wasu su ce tsufa ne.

Shekara biyu da suka wuce, wata la'asar, Siu-gim mai miyar kifi, ƙawarta tun firamare, ta zo da jikarta Yu-ting 'yar wata biyar, uwar yarinyar, matar ɗanta, tana biye. Teburin Bi-lian a barandar jikin shagona yake, na ji komai.

"Cire tukunyar nan daga kanki ki yi mana aiki," in ji Siu-gim. "Wasan wutar bikin haikali ne ya firgita ta."

Bi-lian ta nannaɗe kofi, ta fara kira. Tana cikin kiran idanun yarinyar suka tafi sama, suka kafe. Duk da haka Goggo ta ƙarasa kiran.

Ta juya ga uwar. "'Yata, tun yaushe?"

"Wata guda ke nan, Goggo. Duk bayan kwana uku."

"Gumi? Toshewar hanci?"

"Duka."

"Gobe ku kai ta Taipei."

Siu-gim ta yi tsaki. "Ke kowane yaro A-Kai ne a wurinki. Ciwon gado a gidanmu? Kakana ya kai casa'in yana tuƙa keke."

"Yana faɗawa kwata dai. Duk Lukang ta sani."

"Rage murya! 'Yar autata za ta yi aure bana. Kina so dangin ango su ji an ce jininmu da matsala? Duba shinkafa ki ba mu rigarmu."

Bi-lian ta kwance kofin. Ko kallon shinkafar ba ta yi ba. Ta ninke 'yar rigar, ta ɗaga kujerar babur, ta jefa ta ciki, ta kulle.

"Kin san ƙa'ida," ta ce. "Na kira, ta amsa, tana cikin rigar nan. Gobe ƙarfe goma ina ƙofar asibiti a Taipei. Mai son riga ya zo da mai riga."

"Ɓarauniya! Wurin wata za mu je!"

"Je ki mana. Me za ta kira? An riga an kira."

Ta tayar da babur, Siu-gim tana binta da zagi har kwana.

Washegari ba ta zo shan madara ba. Jirgin ƙasa na farko ta bi, rigar tana cikin ƙirjinta. Daga baya ta gaya mini goma ta yi, sha ɗaya ta wuce, tana ta kai da komo a ƙofar asibitin har mai gadi ya fara kallonta. Ba Siu-gim take tsoro ba. Ita fa ta yarda da aikinta, har yau. A ranta ta bar jaririya ta kwana ba kurwa, kuma in wani abu ya same ta, ita ce sila a karo na biyu. Sau biyu ta kama hanyar tasha, tana dawowa.

Sha biyu saura kwata tasi ta tsaya. Siu-gim ta fizge rigar ta sa wa yarinyar a nan bakin titi. "To, mu koma." Amma uwar ta rungume 'yarta ta shige ciki, ba ta waiwayi surukarta ba.

Gwaji ya nuna ciwon ne. Aka fara mata magani tun tana ƙarama. Yanzu Yu-ting tana riƙe wuyanta, tana zama, tana kai hannu ga cokali. Ba ta fara tafiya ba, kuma ba wanda ya yi alkawarin za ta yi.

Masu kawo wa Bi-lian yara sun ragu, waɗanda ke zuwa kuma sai su riƙe gefen rigar har a gama. Siu-gim ba ta sake yi mata magana ba. Makon jiya dai ta dire kwanon miyar kifi a kan teburina. "Ka ba ɓarauniyar. Ka ce ta zauna ta sha kamar mutum."

Na isar da saƙon. Goggo ta shanye a tsaye, ta ce an cika gishiri, kuma akwai wata mai kiran kurwa a garin Erlin da ba ta ga bidiyon ba tukuna.