Rantsuwar da Na Karya a Kan Tsaunin Mambilla

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Na daɗe ina juya wannan labari a raina, yau dai na ce bari in sauke shi ko wani zai amfana. Ba zan kama sunan kowa ba, domin duk waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu.

A lokacin ni saurayi ne, ƙaramin ma'aikaci a wata ma'aikatar tarayya da ke Garki. Shekarun nan ne da mulkin farar hula ya zauna da gindinsa, Abuja na ta kumbura, ko'ina ka duba gini ake yi. Albashi ya ɗan motsa, ba ni da mata ba ni da ɗa, kuma maganar gaskiya hankalin ma bai gama zuwa ba. Sai na je na sayi babur, irin manyan nan masu ƙugi da ke tada unguwa. Na ce wa mahaifiyata saboda gosulon hanyar Masaka na saya, amma ni da ita duk mun san son a sani ne kawai. A Masakar muke haya ni da wani abokina, ɗaki ciki da falo. Tun makarantar kwana muke tare, shi ma ya samu aiki a wata hukuma, kuma ni na zuga shi har ya sayi nasa babur ɗin.

Wannan abokin nawa yana da sikila, kuma duk faɗin Abuja ni kaɗai na sani. Tasa irin mai ɓuya ce. Idan ka gan shi ba za ka taɓa cewa ba, ga jiki ga tsawo, yana iya shekara ba ta tashi ba. Ni ma ban sani ba sai wata damina da ruwa ya yi masa duka, na tarar da shi a ƙasa yana birgima yana cizon matashi. Na kai shi asibiti, a nan na ji. Da ya warware sai ya zaunar da ni ya ce tun yana yaro ake kallonsa kamar wanda ke jiran ranarsa, an hana shi ƙwallo, an hana shi wanka a rafi, kuma ya taɓa neman wata yarinya a garinsu, da iyayenta suka ji sai suka sallame shi da addu'a. Ya ce ya zo Abuja ne don ya zama mutum kamar kowa. Ya sa na rantse da Allah ba zan taɓa gaya wa wani mahaluki ba. Na rantse ba tare da na tsaya tunani ba, har ina jin kaina wani babban mai riƙon amana.

Ana nan sai ya ga wata yarinya ya kamu, ita ma haka. Yayanta kuwa shi ne shugaban ƙungiyarmu ta masu babura, wanda muke ce wa Oga, babban ma'aikaci ne mai faɗa a ji a gidansu. Mahaifinsu ya tsufa, don haka ya ɗora wa Oga binciken manemin. Shi kuma Oga ya faɗa a gabanmu, da dariya amma da gaske yake, cewa ba ya yawon tambayar maƙwabta, idan yana so ya san mutum tafiya yake yi da shi. A daidai lokacin ne ake shirya tafiyar tsaunin Mambilla, can jihar Taraba, inda ake ta ba mu labarin gonakin shayi da shanu da sanyi kamar ba a ƙasar nan ba. Oga ya dafa kafaɗar abokina ya ce yana fata ango ba zai ba shi kunya ba.

Da muka koma gida na ce masa anya kuwa, wurin nan fa an ce sanyi ne. Ya ce zai saka rigar sanyi biyu, kuma wane ido zai kalli surukinsa da shi idan ya noƙe. Ban ja maganar ba. In faɗi gaskiya, ni ma ƙafata ƙaiƙayi take, kuma ba na son in tafi ba shi. Sanyin kawai na sani. Ban san cewa hawa wuri mai tsayi shi kansa yana tada wannan ciwo ba, saboda iskar can ba ta kai ta ƙasa ƙarfi ba. Tambaya ɗaya ga likita da ta wadatar, amma wa zai tambaya, tunda abin sirri ne.

Muka haɗu a Garki bayan sallar asuba muka ɗauki hanya. Ba zan ɓoye ba, farkon tafiyar nan daɗi ne zalla. Muka ratsa Masaka yara na ɗaga mana hannu, muka wuce Keffi da Lafia, muka tsaya Makurdi muka ci kifi har muka kasa zuge zif ɗin jaket. A cikinmu akwai wani ɗan Filato mai sayar da tayil na gini a kasuwar Dei-Dei, mutum mai barkwanci, shi ya laƙaba wa abokina suna angon gwaji, kowa ya ɗauka. Abin da na lura da shi, na kuma yi shiru, shi ne abokina ya daina shan ruwa. A gida jarka yake ajewa kusa da katifarsa, don likita ya ce masa ruwa shi ne rabin maganinsa. A hanya kuwa ba ya son ya riƙa tsayar da ayari yana neman wurin fitsari a gaban yayan budurwarsa. Na miƙa masa gora a wani gidan mai, ya kurɓa kaɗan ya mayar mini.

Mun kwana a hanya, washegari muka wuce Bali da Serti muka iso gindin tsaunin. Daga nan hanya ta fara nannaɗewa tana hawa, kwana bayan kwana, dutse a hannu ɗaya rami a ɗayan. Muna tsakiyar hawa gajimare ya sauko har kan titi, sai ruwa ya ɓarke, mai sanyi kamar daga firji. Babu wurin fakewa, tsayawa ma haɗari ne, haka muka ci gaba har muka kai sama a jiƙe sharkaf. Sauran suna ta ihu suna ɗaukar hoto. Ni abokina nake kallo. Da ya cire hular kwano na ga leɓensa ya canza launi, yana murmushin da na san na dole ne.

Da safe ya kasa tashi sallah a tsaye. Ya ce wa jama'a gajiya ce da ɗan zazzaɓi. Nan fa tsiya ta tashi, ɗan Filato ya ce ango tun ba a kai lefe ba ya faɗi, wani ya ce a kawo masa kunun jego. Oga ya aika kemis aka sayo maganin zazzaɓin cizon sauro, abokina ya karɓa ya haɗiye a gabansa yana godiya. Ina tsaye ina kallo, na san wannan magani ba abin da zai yi masa, har da ni a masu dariya don kada a gane. Wallahi duk lokacin da na tuna dariyar nan sai na ji kunyar kaina. Suka hau babura suka tafi kallon gonakin shayi, ni na ce cikina ya ɓaci zan zauna da shi.

Suna fita ya saki kukan da yake riƙewa. Baya, ƙugu, gwiwoyi, ko'ina sara yake. Na dafa ruwa na gasa masa jiki, na lulluɓe shi da duk bargunan masaukin, na ɗura masa ruwan ɗumi. Na ce mu tafi asibiti, ya ce a ƙaramin gari irin wannan kafin a rubuta kati Oga ya ji. Ya riƙe hannuna ya tuna mini da Allah na rantse, ya ce ya saba, zai wuce, in ba shi zuwa la'asar. Na ba shi. Na zauna a bakin gado ina kallon agogo, rabin zuciyata na cewa tashi ka nemo mota, rabi na cewa kai ne za ka rusa masa aure. Tsoro na ji ƙwarai, irin wanda ban taɓa ji ba.

Kafin la'asar ɗin ciwon ya hau ƙirji. Numfashinsa ya koma gajere-gajere, idonsa ya yi ɗorawa, magana ma sai ya yanka ta biyu. A haka su Oga suka dawo suka same mu. Dariya ta ɗauke. Oga bai tambayi ra'ayin kowa ba, ya fita ya tsayar da wata tsohuwar motar ɗaukar kaya, muka shimfiɗa abokina a baya sai asibitin garin.

Likitan da muka samu matashi ne. Ya duba idonsa, ya saurari ƙirjinsa, sai ya ɗago ya tambaya ko akwai wani ciwo da aka san shi da shi, domin abin da zai yi ya danganta da amsar, kuma gwaji zai ɗauki lokacin da ba mu da shi. Oga ya ce babu, lafiyayyen mutum ne. Likita ya tambaya wa ya fi kusa da shi, duk suka juyo gare ni. Abokina na kwance, ba ya iya magana, amma idonsa na kaina, yana girgiza kai a hankali. Oga na tsaye a gefena har kafaɗarmu na gogar juna. Na buɗe baki na ce yana da sikila, tun haihuwa, kuma na daɗe da sani.

Likita ya juya ya hau ba da umarni, aka sa masa iskar taimakon numfashi, aka ɗaura ruwa, aka yi masa allurar kashe zafi, aka ce jini ake bukata da gaggawa. Aka gwada mu duka, na Oga ne ya dace. Ya naɗe hannun riga ya kwanta aka ɗiba, bai kalle ni ba, bai kalli abokina ba. Likita ya ja ni gefe ya ce da mun ƙara jinkiri kaɗan da wani zancen ake yi, ya kuma tambaye ni me muke jira tun safe. Da abokina ya ɗan samu sauƙi, aka sauko da shi daga tsaunin a mota, baburanmu nasa da nawa aka loda su a bayan wata babbar mota. Haka tafiyar da muka yi wata da watanni muna ɗoki ta ƙare.

Bayan mun dawo Abuja Oga ya kira ni ofishinsa. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya ce shi bai san abin da mahaifinsu zai ce ba da an zo masa da gaskiya tun farko, amma shi da kansa da ya kai ƙanwarsa gwajin jini, in ya dace ya tsaya wa yaron, domin yana son sa. Ya ce yanzu ba zai iya ba, mutumin da zai gwammace ya mutu da ya faɗi gaskiya, bai san me kuma zai ɓoye wa ƙanwarsa ba. Sannan ya ce ni kuma na bar shi ya sayo wa mai sikila maganin sauro da hannunsa, in je in yi tunani a kan wannan. Aka mayar wa abokina da kayan gaisuwar da aka kai gidansu yarinyar. Na ji an ce yarinyar ta yi kuka har ta kwanta, amma magana ta riga ta mutu.

Na je duba abokina a asibiti, ya juya fuskarsa bango. Da aka sallame shi ya zo da mota ina wurin aiki ya kwashe kayansa, ya bar mini makulli wurin mai gida. Saƙo ɗaya ya aiko mini ta bakin wani, cewa ransa ne, shi ke da ikon yadda zai yi da shi, ni kuma na ci amana. Mahaifiyarsa kuwa ta yi tattaki tun daga garinsu har Masaka, ta zauna a ɗan falon nan tana sa mini albarka tana hawaye. Na je wurin malami na faɗa masa komai, ya ce ceton rai ya fi ƙarfin irin wannan rantsuwa, amma in yi kaffara don zuciyata ta natsu. Na yi. Babur kuma na sayar da shi, ban sake hawa ba.

Abin da na koya shi ne, ban yi nadamar maganar da na yi a gaban likita ba, ko yau aka maimaita zan sake faɗa. Nadamata tana kan shirun da na yi kafin nan, tun daga ɗakinmu na Masaka har zuwa la'asar ɗin nan. Ina roƙon matasa masu tafiye-tafiye a ƙungiya, ku san lafiyar wanda kuke tafiya da shi, ku kuma daina mayar da mai ciwo abin tsokana, domin tsokanarmu ta taimaka wajen rufe masa baki. Mai sikila ya ga likita kafin ya nufi wuri mai tsayi ko mai sanyi. Iyaye kuma ku sassauta, ku yi gwaji ku yi shawara da masana maimakon korar yaro daga jin sunan ciwo, don korar ce ke koya musu ɓoyewa. Wanda kuma aka ce ya rantse zai rufe wani sirri da ya shafi rai, ya ce a'a tun a ranar, ya fi sauƙi.

Shekaru sun ja yanzu. Na yi aure, na ji abokin nawa ma ya yi, har da 'ya'ya. Mukan haɗu jefi-jefi a masallacin Juma'a. Idan sahu ya haɗa mu yakan miƙo mini hannu bayan sallama, kamar yadda zai miƙa wa duk wanda ke gefensa, sannan ya ɗauki takalminsa ya tafi. Har yau bai kira sunana ba. Nakan tsaya in bi bayansa da kallo yana tafiya da ƙafafunsa, in ce alhamdu lillahi, ya ci gaba da fushin har mu tsufa.