Mai Ƙirga Mutanen Gida

Kakata ba ta yarda da duk abin da ke tambayar suna ba, mutum ne ko na'ura. A haka na taso na same ta a gidanmu na Ka'akiyya, wata unguwa a Makka, ɗaki biyu da saman soro inda muke hawa shan iska. Da an sallame magariba sai ta hura gawayi a kasko, ta ɗora butar shayi, ni da ƙannena mu kewaye ta. A nan kaɗai muke jin Hausa zalla, domin a ƙasa rabin maganarmu Larabci ne, abin da ke sa ta harare mu ta ce harshenmu ya karkace.

Ina shekara tara aka fara wani katun a talabijin. Akwai wani shirin manya da Baba yake kallo idan ya dawo daga tuƙin bas a tashar Kudai, na wani jirgi mai yawo tsakanin taurari. To a cikinsa aka tsamo butum-butumin ƙarfen da ke yi wa matuƙan hidima, aka zana shi, aka haɗa shi da yara uku, aka ce ga namu. Na mutu a kansa. Ƙarshen kowane kashi yakan juyo ya dube mu da idonsa guda mai haske, ya ce kowane yaro ya zana mutanen gidansu, ya rubuta sunayensu da garinsu ya aiko, za a nuna.

Kaka ba ta jin Larabcin talabijin sosai, sai ta sa na fassara mata. Ina gamawa ta ja tsaki.

"Shi wa ya aike shi? Me zai yi da sunayen mutane?"

Na yi mata dariya, na ce ai zane ne kawai. Ta ce zanen ma wani ne ya zana shi, kuma wanin yana da ofis. Lokacin ban gane ba. Shekarar ce ake ta kamen marasa takardu, kuma Kaka ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama. Tana goye iyayenta suka zo da ita aikin hajji, suka zauna, suka rasu a nan. Da za a kama ta, ƙasar da ba ta taɓa takawa da ƙafarta ba ce za a mayar da ita. Shi ya sa a gidanmu aka hana mu faɗa wa baƙo mu nawa ne. Ni kuwa na ɗauka wannan doka ta masu ƙwanƙwasa ƙofa ce, ba ta shafi abokina na ƙarfe ba.

Na yi zanena. Baba da bas ɗinsa, Umma, ƙannena, sai Kaka a gefe da kaskonta da tsagen nan uku na kumatunta. Ƙarƙashin kowa na rubuta sunansa, na ƙara da Makka. Na nuna mata cike da alfahari. Ta daɗe tana kallo, ta sa na karanta mata abin da ke ƙasan hotonta har sau biyu. Sannan ta ce in bar mata, ita za ta bayar a kai.

Ranar da muka hau soro, ba ta jira mun roƙi tatsuniya ba. Ta ce ga ta nan ga ta nanku, mu gyara zama. Wai a wani ƙauye baƙo ya taɓa zuwa da ƙoƙon zuma. Ba ya sata, ba ya duka, fara'a gare shi kamar ango. Yara kawai yake tarewa ya ce su ƙirga masa mutanen gidansu, kowane kai lasa ɗaya. Ashe duk wanda ya rubuta, da asuba iska za ta ɗauke shi ta dire shi inda aka binne cibiyarsa. 'Yan gari ba su damu ba, a nan tasu take. Amma wata yarinya mai kwaɗayin ƙarin lasa ta ƙirga har da tsohuwar da ke bayan rumbu. Gari ya waye tsohuwa na tsaye a wata kasuwa mai nisa, babu wanda ya san ta ballantana ya amsa sallamarta.

Na ce, "Sai me, Kaka?"

"Shi ke nan. Zuma dai an sha."

Haushi ya cika ni, don na san da ni take. Tun daga ranar na sa mata ido. Kullum ina gaban talabijin ina jiran zanena, ita kuma tana bakin ƙofa tana leƙen butum-butumin kamar mai gadin ɓarawo. Ba a yi wata uku ba katun ɗin ya ɓace. An bar yaran a wata duniya suna jiran jirgi, aka sa wani shiri a gurbinsa, ba wanda ya ce mana komai. Kaka ta ce ai ya gama tara sunayen da yake nema. Ni kuwa na rantse ta ƙona zanena a kaskonta, har na zarge ta da yi wa shirin mugun baki. Sati biyu ban hau soro ba.

Ba a taɓa kama ta ba. A Makka ta rasu, a Makka aka binne ta, ina shekara goma sha tara. Muna kwashe kayanta na buɗe gwangwanin da take ajiye allura da zare, na ga wata 'yar takarda da aka yanke da almakashi, an naɗe ta a ƙyalle. Tsohuwa ce da kasko da tsage uku. Umma ta ce ai tun washegari Kaka ta ba Baba zanen ya kai, ta ce kada a karya wa yarinya zuciya. Hotonta kawai ta cire.

Na yi kuka sosai, da kunyar zargin da na yi mata. Na daɗe ina ɗauka tsoro ne kaɗai ya sa ta yanke hoton, amma mai tsoro ƙonawa yake yi, kuma ga wuta a gabanta kullum. Shekara saba'in da wani abu ta yi a garin nan, kuma wannan ce kaɗai takardar da ta taɓa mallaka mai ɗauke da hotonta, da sunanta, da Makka a ƙasa.