Goggo Norbibi Mai Binne Rumman

A ƙauyenmu da ke kusa da garin Kuva, da zarar kaka ta yi nisa ganyen inabi ya fara zuba, ba a neman Goggo Norbibi a gidanta. Tana tsakar gidan wani da shebur a hannu, ta ɗaure ƙugu da tsohon gyale.

Asalinta tela ce. Lokacin da aka kawo ni amarya gidan da ke kallon nasu, ƙarar kekenta nake fara ji kowace safiya. Mijinta, Baba Ergash, shi ke kula da itatuwan rumman da mahaifinsa ya dasa. Kafin sanyi ya sauka yakan tanƙwara kowace bishiya a hankali har ta kwanta, ya ɗaure ta, ya shimfiɗa mata kara, ya tula ƙasa a kai. Haka za ta kwana a binne, don kar sanyi ya kashe ta, har hunturu ya wuce a tone ta.

Sai Baba Ergash ya tafi Rasha aikin gini, ya faɗo daga bene, aka dawo da shi ƙafafu ba sa motsi. Da kakar wannan shekarar ta zo, Goggo ta tura kujerarsa bakin baranda, ta ɗauki shebur ɗinsa, ta kama tanƙwara bishiyar farko.

"Ba haka ba! Za ki karya ta!" in ji shi.

"To sauko ka yi mana, sarkin aiki."

Ta kuwa karya ta, ta karya ta kusa da ita ma. Ta zauna a ƙasa ta yi kukanta, ta share fuska, ta kama ta gaba. Sauran duk suka rayu.

Shekaru na tafiya, mazan layinmu suka yi ta bin hanyar Rasha, har da nawa. Mata suka fara zuwa wurinta ɗaya bayan ɗaya. Ta ce ita ba 'yar ƙodago ba ce, sai dai a yi gayya: yau gidan wannan, gobe gidan waccan, matar gidan ta dafa shayi ta fasa gurasa mai zafi daga tanderu. Da rumman muka fara, daga baya aka haɗa da sauke inabi daga rumfa, da kwashe ganye daga kwata, da naɗe famfo da tsumma.

Gida ɗaya ne ba ta taka ba, na Sharofat da suke katanga ɗaya. Akuyar Sharofat ce ta taɓa shigowa ta inda katangar ta zube, ta ɓare ƙananan dashe. Magana ta yi zafi, Sharofat ta ce ai da gidan na da namiji mai ƙafa da an gyara katangar. Baba Ergash na baranda, ya ji. Tun daga ranar ko a gidan biki ba sa haɗa ido.

Bana talabijin ta ce sanyi zai sauko da wuri, kuma zai yi tsanani. Goggo ta tashe mu tsaye, muka bi gidaje muka gama. Wata safiya muka tashi raɓa ta daskare, kwanon rufi ya yi fari fat, ganyen tumatir ya yi baƙi ya lanƙwashe. Na shiga mayar wa Goggo da igiya, na tarar ta ɗare kan tukunyar da ta kife tana leƙen katanga. Rumman ɗin Sharofat na tsaye cak. Ɗanta da ya yi alkawarin zuwa bai samu dawowa ba, ita kuma ciwon baya ya hana ta ko sunkuyawa.

"Ba ruwana," Goggo ta ce, ba tare da kowa ya tambaye ta ba.

Baba Ergash ya kurɓi shayinsa. "Ni aka zaga, Norbibi, ba ke ba. Kuma ban ji bakin rumman a ciki ba."

Ta harare shi, ta sauko. "Ke, Gulbahor," ta ce mini, "kira su, kowa da shebur ɗinta."

Sallamar da ta rangaɗa a ƙofar Sharofat har ƙarshen layi an ji. Matar ta fito tana dafa bango.

"Lafiya, Yaya?"

"Ba wurinki na zo ba. Matsa, kin tare hanya."

"Ni ban kira gayya ba."

"Ai bakinki bai iya kiran alheri ba. Ina akuyar? A ɗaure ta, kar in haɗa da ita in binne."

"Ta mutu tuni."

"Allah sarki. Ita ce mai hankalin gidan."

Dariya ta kuɓuce wa Sharofat, sai kuma hawaye. Goggo ta yi kamar ba ta gani ba, ta kama reshe. Saman ƙasa ya yi tauri, amma da rana ta ɗaga sai ya saki. Kafin la'asar duk itatuwan sun kwanta. Sharofat kuwa ta ja jiki ta hau murhu, ta dafa shinkafa da karas da naman rago. Da ta zuba mana, sai ta cika wani faranti dabam, ta hana kowa ɗauka. Da kanta ta taka, tana tafe tana hutawa, ta kai wa Baba Ergash. Abin da suka faɗa wa juna ban ji ba, ta dai daɗe a can.

Da makon ya zagayo dusar ƙanƙara ta farko ta sauka. Na haɗu da Goggo a bakin ƙofa, na ce ana cewa sanyin bana sai wanda ya gani.

"Ya zo mana," ta ce. "Kwal na ɗaki, dankali na rami, itatuwa sun yi barci. Ke dai je ki toshe tagar nan taki ta baya, tun jiya nake jin iska na busa sarewa a ciki."