Kveta da Kwandon Babban Likita

Kveta Habrova ta fara aikin jini tana 'yar shekara shida, kuma da jinin alade ta fara. Ubanta mahauci ne mai bin ƙauyukan Morabiya, duk lokacin sanyi ana kiransa yanka gida-gida. Shi ya soke, ita ta tara kwano ta yi ta juya jinin da hannu don kada ya daskare kafin a zuba shi a miya. Yayyenta maza biyu kuwa, da sun ji ihun aladen sai kowa ya tuna an aike shi wani wuri. Tun daga nan ta yanke hukuncinta a kan maza, kuma har ta mutu ba ta ga dalilin sake shi ba.

Bayan yaƙin duniya na biyu ta koyi awon jini, a 1953 aka tura ta sashen yara na wani asibitin lardi. Ɗakin awon a ƙarƙashin ƙasa yake, tsakanin ɗakin wanki da na gawa, tagarsa daidai ƙafafun masu wucewa. A zamanin nan ba a barin iyaye su shiga wurin 'ya'yansu. Laraba da Lahadi suke zuwa su tsaya a tsakar asibiti suna ɗaga wa tagogin sama hannu, saboda haka Kveta ta san yawancin uwayen ta takalmansu ne. In takalmi ya daina zuwa, ba ta tambaya.

Aikinta ba shi da wani ado. A kawo mata ɗigon jini ko na ɓargo, ta shafa a ɗan gilashi, ta rina shi, ta sa a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu, ta duba ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya. Rinin ya kama yatsunta har sabulu ya haƙura. Yaran sashen suna kiranta Goggo Shuni, kuma ba sa ƙaunarta, domin ita ce mai huda yatsa da sassafe, ba ta kuma iya ƙaryar cewa ba zafi. Ta auri wani mai gyaran taragon jirgin ƙasa, Vilem, wanda bai taɓa tambayarta abin da ta gani a wurin aiki ba. Ta ce abin da ya sa auren ya yi ƙarko ke nan.

A shekarun farko sankarar jini ba ta da dogon labari. A kawo yaro da kaka, kafin ƙanƙara ta narke an ba wani gadonsa. Daga baya magunguna suka fara zuwa, ɗaya, biyu, sannan aka koyi haɗa su a ɗura wa yaro har shekara biyu da rabi. Wasu maganin ya kashe su kafin cutar ta samu dama. Amma wajen ƙarshen shekarun saba'in aka fara ganin abin da ba a saba ba: yaro ya gama magani, gashi ya fito, ya koma makaranta yana dukan 'ya'yan mutane. Sai aka shiga wata sabuwar matsala. Kowa a asibitin ya san kamannin ɓargon yaron da zai mutu. Na yaron da ya warke ne ba wanda ya sani, don ba a taɓa samun isassu da za a duba ba.

Babban likitan sashen, Dakta Otakar Kalivoda, ba jaki ba ne, a faɗi gaskiya. Shi ya san wanda ake buga wa waya a Prag, babban birni, in maganin ƙasar waje ya yanke, kuma yara da yawa sun rayu saboda nacinsa. Aibinsa ɗaya: tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa yin kuskure ba. Ya fi kowa sanin jini, ya fi kowa sanin giya, ya kuma fi kowa sanin laimar kwaɗi. Duk watan Satumba, da azahar ɗin Juma'a ya gudu bukkarsa ta daji, ran Litinin ya dawo da kwando cike da laimar kwaɗi ya aje a teburin ɗakin likitoci. Ƙananan likitoci su kewaye shi suna salati, ko da yake kowannensu ya tsinto nasa a ƙarshen makon ya ɓoye a gida don kada ya fi na maigida girma. Daga nan a sauko wa Kveta da kwandon, tunda ita ke da wutar gas, ta soya da albasa da ƙwai, a ci da burodi ƙarfe goma.

A Satumbar 1979 aka dawo da wata yarinya, Darina Sobotkova, 'yar shekara bakwai, don duba na al'ada. Wata uku ke nan da gama maganinta, wanda saura ƙiris ya tafi da hantarta. Ta yi kumatu, ta yi baki. Ran Juma'a da safe aka ɗebi ɓargonta, Kveta ta rina ta duba, ta ga ƙananan ƙwayoyi 'yan jarirai sun yi yawa. Ƙaramin likita Pelikan ya leƙa, fuskarsa ta yi fari, ya ruga ya kira maigida.

Dakta Kalivoda ya sauko da takalmin daji a ƙafarsa. Ko zama bai yi ba. Ya sunkuya, ya sa ido, ya miƙe.

"Ta dawo. Litinin da rana a fara mata zagaye na biyu na magani."

Duk wanda ke ɗakin ya san ma'anar zagaye na biyu ga yarinya mai irin hantar nan.

"Yallaɓai," in ji Kveta, "ba ita ba ce."

"Na'am?"

"Ba cutar ba ce. 'Ya'yan cutar duk kama ɗaya suke, kamar sojoji ranar fareti. Waɗannan kuwa dubi, ga ƙanana, ga matsakaita, ga waɗanda suka kusa girma, kamar 'ya'yan gida ɗaya. Ɓargon ne yake farfaɗowa. Na ga haka a yara biyu bara, kaɗan-kaɗan, ba abin da ya same su. A ba ta sati biyu a sake dubawa."

"Madam Habrova, a wace jami'a kika karanta wannan? Ko a mahauta?"

Pelikan ya yi dariyar da ake bukata.

"Ke aikinki ki rina ki ƙirga. Sanin abin da aka ƙirga kuma nawa ne. In na jira sati biyu cutar ta cinye ta, ke za ki fita ki gaya wa uwarta?"

Ya duba agogo ya haye sama. Bai yi ƙarya ba a maganarsa ta ƙarshe, kuma abin da ya fi ba ta haushi ke nan.

Ran Lahadi ta shigo aikin safe, ta ga takalmin uwar Darina ta taga, jan takalmi mai cinyayyen dunduniya, yana tsalle-tsalle don a gan shi daga sama. Ba wanda ya gaya wa matar komai tukuna. Kveta ta sake ɗauko gilashin ta duba har wuyanta ya ƙage. Ba ta sake ra'ayi ba. Ta yi tunanin ɓatar da takardar magani, ta ga za a rubuta wata cikin minti biyar. Ta yi tunanin buga waya Prag, ta tuna a Prag ba wanda ya san akwai ta a duniya.

Litinin ƙarfe tara Sista Ludmila ta sauko da kwandon tana haki.

"Kveta, yau ki zuba basira. Mutuminki ya gayyato daraktan asibiti. Wai bana daji ya yi masa biyayya."

Kveta ta zazzage kwandon a tebur. Talatin da wani abu, duk masu kaurin ƙafa da hula ruwan ƙasa, irin da kowa ke nema. Cikinsu akwai biyu da ba su ba ne. Kamarsu ɗaya da na gaske in an duba daga sama, sai an juya a ga ƙarƙashin hular ya yi ɗan ja-ja, ƙafar kuma da baƙin zane kamar raga. Ba sa kisa. Amma guda ɗaya ya isa ya mai da tukunya kamar an fasa maɗaciya a nama. Shekara goma sha ɗaya tana tsince irinsu daga kwandon babban likita tana jefawa a shara ba tare da ta ce uffan ba, don ba a gaya wa namijin ƙasar nan cewa bai san laimar kwaɗi ba. Gara ka ce masa ɗansa bai yi kama da shi ba.

Yau kuwa ta yanke gefen kowanne cikin biyun ta aje a aljihun rigarta, ragowarsu ta yayyanka ƙanana ta zuba a kasko tare da masu kyau. Har man shanu ta ƙara.

Ƙarfe goma aka zauna. Darakta a babbar kujera, babban likita yana ba da labarin gindin itacen da ya samu bakwai a wuri ɗaya. Ƙananan likitoci, da yake yunwa ba ta barinsu, su suka fara kai loma. Kveta tana tsaye bakin ƙofa da kasko tana kallonsu. Pelikan ya tauna, idonsa ya kawo ruwa, ya haɗiye da ƙyar.

"Yallaɓai, bana ma ya fi na bara."

Na kusa da shi ya gyaɗa kai, ya kai wa burodi cafka. Mutum huɗu masu takardar digiri suka haɗiye abin nan suna yabo. Sai darakta ya kai tasa lomar, ya tofar a hankicinsa, ya ce, "Kai! Otakar, kashe ni za ka yi in bar maka kujerar?"

Dakta Kalivoda ya ɗanɗana. Kunnuwansa suka yi ja.

"Madam Habrova! Me kika zuba a ciki?"

"Abin da ka tsinto, Yallaɓai." Ta fito da guntayen biyu ta aje kusa da farantinsa, ta juya su ƙasa ta koma sama. "Biyu ne yau. Makon jiya ɗaya. Tun shekarar da ka zo nake tsince su. Ba rashin sani ba ne, ka sani sarai. Daga sama kake duba abu, kana sauri, kuma duk wanda ke kusa da kai haɗiyewa yake yi." Ta nuna Pelikan da cokali. "Ga shi nan, yana nema ya ƙara."

Sista Ludmila ta tuna ana nemanta a ɗakin yara. Darakta ya shiga goge tabarau da hankicin da ya tofa abinci a ciki.

"Gilashin Darina yana ƙasa," in ji Kveta. "Akwai kujera."

Ta ɗauki kaskonta ta sauka, ta fara tattara kofinta da silifas ɗinta, don ta tabbata korarta za a yi. Wajen sha ɗaya ta ji takunsa a matakala. Bai dube ta ba. Ya ja kujera ya zauna gaban madubin. Ya ce a kawo na yaran nan biyu na bara, ta kawo. Ya ce a kawo na wanda cutar ta dawo masa da gaske, ta kawo uku. Minti arba'in yana zaune, tuni lokacin fara maganin ya gabato.

"Kwana goma," ya ce, har yanzu idonsa a madubi. "Ba sati biyu ba. Kullum a duba jininta. In ya motsa ko kaɗan, a ranar za a fara, ke kuma ki koma juya jinin alade."

"To, Yallaɓai."

"Kuma ni na yanke shawarar a jira."

"Wa kuma zai yanke in ba kai ba?"

Kwana goman nan Kveta ta huda yatsan Darina sau goma. Yarinyar ta cije ta sau biyu, ta kuma kira ta mayya a gaban kowa. Abincin Kveta bai wuce kofi da sigari ba, don ita ma ba ta da tabbas kamar yadda bakinta ya nuna. Yara biyu ta gani, ba ɗari ba. A rana ta goma aka sake ɗiban ɓargo. Ƙananan ƙwayoyin suna nan, ba su ƙaru ba, jini kuwa lafiya lau. Bayan wata guda suka ragu. Aka sallami yarinyar ba a ɗura mata ko ɗigo ba.

Dakta Kalivoda ya tara irin wannan guda tara, ya je taron likitocin yara ya yi jawabi a kai, aka tafa masa. Sunan Kveta bai fito ba, sai dai a ƙasan takarda an gode wa "ɗakin awo", kamar bangon ne ya duba. Suyar Litinin aka mai da ita wurin masu girki. Gurbin Kveta na hutun bakin teku da ƙungiyar ma'aikata ke rabawa ya ɓace shekara uku a jere, ba wanda ya san yadda aka yi.

Ta kai har lokacin da aka kawo tsarin magani na Jamusawa, aka fara dashen ɓargo a Prag, aka buɗe wa uwaye ƙofa suna kwana kusa da 'ya'yansu suna koya wa nas-nas aiki. Ta yi ritaya ana shirin kawo na'urar da ke rarrabe ƙwayoyin nan ba sai an roƙe ta ba. Ta mutu a 2008, a kujera, rediyo yana magana.

Uwar Darina kuwa, ranar sallama ta zo da dinya gasasshiya da kwalbar barasar gida, ta kai wa babban likita tana kuka tana neman sumbatar hannunsa. Ya karɓa, kamar yadda ya dace. Kafin ta tafi ta ce tana da ƙorafi guda ɗaya, in ba zai ji haushi ba: matar nan ta ƙasa mai shuɗin hannu ba ta da tausayi ko kaɗan, ta mai da yatsun 'yarta rariya. Ya ce zai yi mata magana.

Darina tana nan da ranta. Tana koyar da tuƙin mota a garin, aurenta uku, kuma ɗalibanta sun ce har yau bakin nan bai mutu ba.