Littafin Cigiya a Hanyar Madani

Litinin: Mai Wurno zuwa Sinnar

Ƙarfe biyar saura kwata na fito daga gida, gari bai fara haske ba. Inna ta riga ni tashi. Ta miƙo mini ƙullin soyayyar gyaɗa ta ce, "Ilyasu, in ka bi ta Haj Abdalla ka sake tambaya." Ba ta ce Allah ya ba da sa'ar aiki ba, ni kuma ban ji haushi ba. Shekara biyu ke nan magana ɗaya bakinta ya sani.

Ƙanena Sani ya tafi ƙwadagon cirar gyaɗa a gonakin Jazira, sai yaƙi ya rufe hanyoyi a bayansa. Waɗanda suka tafi tare sun dawo ɗaya bayan ɗaya, shi shiru. Da hanya ta buɗe na sayar da kekena na shiga ƙauyuka cigiya, wata biyar cur, har guzuri ya ƙare. Ƙauyukan yamma, wajen Manakil, sun fi ƙarfin ƙafata da aljihuna. Ana nan sai ga sanarwa a waya: wani kamfanin irin shuka a Wad Madani yana neman wakilin da zai riƙa zaga ƙauyukan Jazira a kan babur ɗin kamfani. Ina ganin kalmar babur na miƙe tsaye. Sharaɗi ɗaya ne ya tsaya mini a wuya, wato shaidar gogewar aiki ta shekara biyu. Ni kuwa difloma ce kawai gare ni ta aikin gona, ko shara ban taɓa yi wa wani ofis ba.

Na yi asuba a masallacin tasha, na shiga hayis ɗin Abakar, direba ɗan unguwarmu. Ya dubi rigata mai guga ta madubi.

"Ya zol, mutumina, ɗaurin aure ko kotu?"

"Neman aiki."

"Wa ka sani a can?"

"Allah."

"Ka san Babba," in ji shi, "amma da ka nemi wani ƙarami ya shigar maka da takarda."

Mota ta kwashe da dariya, har da ni. Kilomita goma sha biyar ne zuwa Sinnar, mun yi su a minti ashirin da biyar. Na sha shayi da zalabiya biyu, wato irin fankenmu na nan, a tashar Sinnar, na ɗaga kai ina duban fuskokin masu dako. Wannan ɗabi'a ta zauna mini, duk dogon saurayi in ya ba ni baya sai gabana ya faɗi.

Sinnar zuwa Haj Abdalla

Bas ɗin arewa ya tashi bakwai da minti ashirin, kuɗin kujera jine dubu takwas. A shingen sojoji na biyu aka ce kowa ya sauko da jakarsa. Wani soja ya zazzage tawa, ya ci karo da littafina mai baƙin bango.

Bari in gaya muku abin da ke cikinsa. Ƙauye talatin da bakwai na taka ina neman Sani, kuma kowanne na rubuta shi: sunan limami, ranar kasuwa, gadar da ta karye a kan magudanar ruwan noma, inda laka ke riƙe mota, gidan da ake saukar baƙo. Na yi haka ne don kada in maimaita gari.

Sojan ya buɗe shafi uku, fuskarsa ta canja. "Mai rubuta gadoji, kai wane ne?"

Na ce ya duba bangon ciki. Hoton Sani ne a manne, yana dariya da wushiryarsa, ranar ƙaramar sallah. Na ba shi labari a taƙaice. Ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya rufe littafin ya miƙo mini da hannu biyu. "Ni ma ɗan ƙanwar babana," ya ce, bai ƙarasa ba. "Hau mota. Allah ya haɗa ku."

Tara da minti goma muka shiga Haj Abdalla. Na sauka gidan Kawu Bello, yayan Inna, tsohon magatakardan hukumar noman rani. Bayan azahar na miƙe a masallacin kasuwa na yi cigiya kamar yadda na saba: Sani ɗan Mai Wurno, dogo, mai wushirya, da tabo a girar hagu. Liman ya gane ni. "Ɗan Mai Wurno, har yanzu?" Na ce har yanzu. Aka yi addu'a aka watse, babu wanda ya tsaya.

Da la'asar, bayan mun ci kisra, wainar dawa mai faɗi, da miyar busasshiyar kuɓewa, Kawu ya zaunar da ni gindin darbejiya ya buɗe makaranta.

"Ka je da wuri. Kada ka zauna sai an ce zauna. In an tambaye ka gogewa, kada ka sunkuyar da kai kamar ɓarawon akuya, ka ce kana da saurin koyo. In an ce don me kake son aikin yawo, ka ce kana ƙaunar manoma."

"In faɗi zancen Sani, Kawu?"

"Kul! Kamfani ba zaman makoki ba ne. Suna jin haka za su ce babur ɗinsu kake so, ba aikinsu ba."

"Ai gaskiya ce."

"Gaskiyar da za ta mayar da kai gida a ƙasa? Kuma littafin nan da ya kusa sa a tsare ka, bar shi nan."

Ya karɓa ya ɗora a kan kabad. Kawu ya yi shekara talatin a ofis, ni ko kwana ɗaya ban yi ba, don haka na bar masa.

Talata: Wad Madani

Shida da rabi na yi sallama. Har na kai ƙofar gida na dawo, na ce na manta hula. Littafin na ɗauko na cusa a aljihu. Ji na yi kamar zan tafi in bar Sani a ɗakin mutane.

Tafiyar awa ɗaya da minti ashirin ce, gonakin dawa dama da hagu, wasu an nome, wasu ciyawa ta cinye. A nan wani wuri Sani ya sunkuya yana cirar gyaɗa, haka na yi ta faɗa wa kaina. Kewarsa ta taso mini har na kasa cin gyaɗar Inna.

Daga tasha raksha, babur mai ƙafa uku, ta kai ni ofishin kamfanin, takwas da kwata. Mu goma sha tara ne a kan benci. Na kusa da ni fayil ɗinsa ya kai kaurin bulo, ya ce ya yi aiki da kamfani uku. Na dubi 'yar takardata guda ɗaya, na mayar da ita ƙarƙashin cinya.

Sha ɗaya saura aka kira ni. Mai ganawar wani dattijo ne mai furfura, Bashmuhandis suke ce masa, laƙabin manyan injiniyoyin gona. Bayansa taswirar Jazira ce ta cika bango. Da Larabci muka yi magana.

"Gogewa?"

"Babu, amma ina da saurin koyo."

"Kowa da ya shigo yau yana da saurin koyo. Don me kake son aikin yawo?"

"Ina ƙaunar manoma."

Sai ya yi hamma. Karatun Kawu ya ƙare ke nan, ko minti biyu bai kai ba. Ya juya ga taswira don ya sallame ni da tambaya ɗaya. "In na ba ka buhun iri a Haj Abdalla, na ce kai shi wannan ƙauyen, ta nan za ka bi, ko ba haka ba?" Ya ja yatsa a kan babban layi.

Bakina ya riga hankalina. "Ba a bi nan. Gadar ta karye. Sai ka gangara kudu, ka tsallaka ta wajen injin niƙa. In an saki ruwa a gonaki kuma, babur ma sai an tura."

Ya sauke yatsa. "Wa ya gaya maka?"

"Ƙafata."

Na ciro littafin na ajiye a gabansa. Ya sa tabarau, ya yi ta buɗawa, yana duban shafi yana duban taswira. Har ya ɗauki biro ya gyara wani wuri a bangon. Da ya zo kan hoton sai ya ɗago. A nan na karya dokar Kawu, na faɗa masa komai, har da cewa kalmar babur ce ta kawo ni.

A raina na ce shi ke nan, na yi wa kaina.

"To za ka yar mini da buhuna a hanya ka tafi cigiya?"

"A'a, Bashmuhandis. Iri da safe, cigiya bayan azahar. Manoman da zan sayar wa iri su ne dai a sahun masallaci."

Ya tura mini littafin. "Wata uku na gwaji. Ranar Asabar ka zo ka karɓi makulli. Da ƙauyukan yamma za ka fara, can ne ba mu da kowa."

Na fito da littafina a hannu. Ku 'yan'uwana masu difloma da ke zaune kuna cewa ba ku da gogewa, kafin ku ce babu, ku tambayi ƙafafunku da hannuwanku inda suka je a shekarun nan. Ni da kaina ban san ina da ita ba, ga ta a aljihu ina ɓoyewa.

Komawa gida

Na ci ful, wato dafaffen wake, a bakin tasha, na hau bas ɗin ɗaya da rabi. A hanya na kira Kawu. "Ban gaya maka ba?" in ji shi. "Guga da ladabi!" Na ce ƙwarai, Kawu. Sinnar ƙarfe huɗu, Mai Wurno biyar da 'yan mintuna, rana ta yi ja a kan kogi.

Inna tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta dubi bayana tukuna, kamar kullum, sannan ta dube ni. Na girgiza kai. Ta ci gaba da tsinta. Na durƙusa na ce an ɗauke ni aiki, ƙauyukan yamma, a kan babur. Ba ta tambayi albashi ba.

"Babur ɗin nan, yana ɗaukar mutum biyu?"

"Yana ɗauka, Inna."

"To kada ka cika bayan da buhuna."

Ina gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Abakar, da Kawu Bello da makarantarsa, da sojan da ban san sunansa ba, da dattijon da ya karanta littafina har ƙarshe. Wanda duk ya ga dogon saurayi mai wushirya da tabo a girar hagu, ya ce masa yayansa yana tafe. Na riga na sayi igiya, buhunan a gaba zan ɗaure su.